Kason gona na CSA: abin da ya kamata ka sani kafin ka biya

Tsarin da ake kira CSA a taƙaice (Community Supported Agriculture, wato noman da jama'a ke tallafa wa) ba shi da wuyar ganewa. Ka biya manomi tun kafin ya yi shuka, shi kuma ya riƙa ware maka kaso daga abin da gonar ta bayar duk mako har girbi ya ƙare. Da kuɗinka da na sauran mambobi yake sayen iri da taki, ya gyara bututun ban ruwa, ya biya ma'aikata, ba sai ya je neman bashin banki ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Japan an san irin wannan yarjejeniya da sunan teikei tun shekarun 1970, a Amurka kuma gonaki biyu ne suka fara ta a 1986, Indian Line a jihar Massachusetts da Temple-Wilton a New Hampshire. Faransawa suna kiran nasu AMAP tun 2001.

Bayan shekaru muna karɓar kwando, ra'ayinmu shi ne tsarin yana da kyau ƙwarai, amma ba na kowa ba ne. Kuma ba farashi ne ke raba wanda zai ji daɗinsa da wanda zai yi da-na-sani ba. Tukunyar gidan ce. Gidan da ake girki da ɗanyen kaya sau huɗu ko biyar a mako zai ci riba. Gidan da rabin mako a waje ake cin abinci zai wayi gari yana biyan kuɗin abin da ke ruɓewa a ƙasan firij.

Saboda haka girman kaso ne farkon abin dubawa, kuma nan ne sababbin shiga suka fi yin kuskure. Yawancin gonaki suna sayar da cikakken kaso da rabin kaso. Cikakken kan ishi gida mai mutum uku zuwa huɗu masu cin kayan lambu sosai, kuma kwandon mako kan ƙunshi kaya iri shida zuwa goma. Rabin kaso kuwa kala biyu ne, sai ka tambaya wanne ake nufi: ko dai ƙaramin kwando duk mako, ko cikakken kwando mako bayan mako. Bambancin ba ƙarami ba ne. Mai karɓa bayan kwana goma sha huɗu zai samu kaya jingim a rana ɗaya, latas da sauran ganye su yi yaushi kafin a kai ƙarshen makon farko, mako na biyu ya rage sai karas da albasa. Ƙaramin kwando na duk mako ya fi dacewa da mutum ɗaya ko biyu. A shekarar farko ka ɗauki abin da ya gaza wanda kake ganin za ka iya cinyewa. Ƙara kaso a tsakiyar lokaci yakan yiwu idan akwai gurbi, amma mayar da kuɗi da wuya ka ga gonar da ta yarda.

Abu na biyu da ke ba mutane mamaki shi ne kwandon ba ya zuwa daidai wa daida. A wuraren da ake sanyi mai tsanani, kamar arewacin Amurka, rabon kan ɗauki mako 20 zuwa 24, daga wajen Yuni zuwa Oktoba. Makonnin farko ganye ne zalla, kwandon ba nauyi, har ka fara tunanin an cuce ka. Ba cuta ba ce, ganye ne ke jure sanyin farkon shuka kuma shi ke saurin isa yanka. Sai tsakiyar lokaci tumatir da kokwamba da tattasai da koren wake su taso gaba ɗaya, har ka rasa inda za ka zuba. Ƙarshe kuma kayan ajiya ne: dankalin turawa, kabewa, kabeji, albasa, tafarnuwa. Wanda zai auna ko kuɗinsa sun fita, kada ya auna da kwando ɗaya. Ya raba abin da ya biya da yawan makonni, ya riƙa rubuta abin da ya karɓa, sai a ƙarshen lokaci ya kwatanta da farashin irin wannan kaya a kasuwar manoma. Kwatanta shi da kayan babban kanti da aka ɗebo daga nesa zalunci ne ga manomin. Kuma a cire abin da aka zubar daga lissafin, don shi ne ke nuna gaskiya.

Maganar wurin karɓa mutane suna raina ta, alhali ita ta fi korar mambobi. Akan tsayar da rana ɗaya da 'yan sa'o'i, ko a gonar ko a wani wurin da aka ajiye don rabo. Idan ba ka zo ba, kwandonka sai a ba da shi sadaka ko a raba wa ma'aikata, babu ramuwa. Tafiyar minti arba'in zuwa gona tana da daɗi a makon farko, a mako na sha biyu ta zama aiki. Zaɓi wurin da ke kan hanyar da dama kake bi. Ka kuma tambaya me ake yi idan ka yi tafiya: wasu gonakin suna barin ka ɗage mako ɗaya ko biyu in ka sanar da wuri, wasu sai dai ka turo wani ya karɓa.

Sai batun asara, wanda shi ne zuciyar tsarin. Wasu za su ce cinikin biri a sama ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya, domin rabon abin da Allah ya bayar ka saya, ba adadin kilo ba. A 2009 cutar nan mai ƙone ganyen tumatir da dankali, wadda ta jawo yunwa a ƙasar Ayalan a shekarun 1840, ta bazu a arewa maso gabashin Amurka saboda yawan ruwa da sanyi, mambobin gonaki da yawa suka ga tumatir kaɗan ko ma babu. A 2011 ambaliyar guguwar Irene ta shafe gonaki a Vermont da New York ana tsakiyar girbi, kuma kayan da ruwan ambaliya ya taɓa ba a rabawa saboda ƙazanta. Don haka kafin ka sa hannu, karanta takardar yarjejeniyar ka ga me ta ce game da shekarar da gona ta gaza. Tambayi manomin shekara nawa ya yi yana wannan rabo, mambobi nawa yake ɗauka, ko yana da ban ruwa, kuma iri nawa yake shukawa. Gonar da ke da amfani iri talatin ko arba'in, idan ɗaya ya lalace wani zai cike gurbi.

Akwai kuma masu amfani da sunan CSA alhali dillalai ne, suna saro kaya daga gonaki daban-daban su cika kwali. Ba laifi ba ne, wani lokaci ma kayansu sun fi yawan kala, amma ba abu ɗaya ba ne, kuɗinka ba sa zuwa hannun manomi kafin shuka. Tambaya ɗaya ke warware wannan: duk abin da ke cikin kwandon nan ku kuka noma? Haka batun maganin feshi. CSA ba ya nufin ba a feshi, ƙananan gonaki da yawa kuma ba su da takardar shaidar noma ba sinadarai ko da ba sa feshin, sai ka tambaya da bakinka.

Ga wanda ba ya son a zaɓa masa, akwai gonakin da ke shimfiɗa kaya a tebur kowa ya ɗebi adadin da aka ƙayyade, da waɗanda ke riƙe kuɗinka kamar asusu kana cira a hankali. A ganinmu waɗannan sun fi rage ɓarna. Wasu ma suna rage kuɗi ga wanda zai ba da 'yan sa'o'i a mako yana cire ciyawa ko wanke kaya.

Ko wanne ka zaɓa, rabin sa'ar farko bayan kwando ya shigo gida ita ce ke ceton kayan. A yanke ganyen karas nan take, domin ganyen na ci gaba da zuƙe ruwan saiwar har ta yi laushi cikin kwana biyu. Latas kada a sa shi firij da jiƙa, ko dai a bar wankin sai za a ci, ko a wanke a tsane shi sosai a naɗe da tsumma mai tsabta. Tumatir ya zauna a waje, sanyi na kashe masa ɗanɗano, kuma a nesanta shi da ganye, saboda iskar da yake fitarwa yayin nuna tana sa ganye yin rawaya da wuri. Dankali a ajiye shi a duhu don kada ya yi kore, kuma ba tare da albasa ba. A fara cin ganye a kwana uku na farko, a bar masu tauri zuwa ƙarshen mako. Koren wake da ya yi yawa a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti biyu zuwa uku, a juye cikin ruwan ƙanƙara, a tsane, sannan a sa a firiza.