Sabon keke mai shok biyu ko na hannu mai shok ɗaya?

Ƙanina, na ga tambayarka tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana zaune a Agege, shagon maigidanka yana Ikeja, kuma tun da aka hana acaɓa a can a watan Yunin 2022 kuɗin mota da gosulo sun ishe ka. Ka ga kekuna biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko sabo fil a kwali, ja mai sheƙi, shok a gaba shok a tsakiya, giya 21, birkin faifai. Na biyu ƙirar kamfanin Giant ne na hannu, ɗan Beljiyam, fenti ya koɗe, shok a gaba kawai.

Ka ɗauki na hannun. Amma da sharaɗi, kuma zan faɗa maka inda sabon ya fi shi, don kada gobe ka ce yayanka ya rufe ka.

Abin da ya ja idonka shi ne sifirin ɗin nan na tsakiya, ni ma shi ya ja nawa shekarun baya. Shok na gaskiya yana da mai a cikinsa, man ne yake riƙe shi idan ya lotsa, ya hana shi dawowa da ƙarfi. Wanda ake sa wa kekuna masu araha sifirin ne tsura, ba abin da ke riƙe shi. Ka faɗa rami ya lotsa, ya cilla ka sama. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce duk takun feda da ka yi sai keken ya yi lilo, wani ɓangare na ƙarfinka ya tafi wajen matsa sifirin maimakon tura taya. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka gane ba sosai, amma ka gwada hawa gada kamar ta Pen Cinema, nan cinyarka za ta ba ka labari. Sannan mahaɗar da ƙafar baya take lilo a kanta, ƙarfe ne da 'yar roba. Yashin Legas da ruwan Yuni suka shiga, kafin damina ta fita sai ka ji bayan keken yana kaɗa wutsiya. Nawa haka ya yi a wata na biyar, kuma duk mai gyaran da na kai wa sai ya ƙara ɗaure noti kawai ya karɓi kuɗinsa.

Kuma ka tambayi kanka, dutsen wa za ka hau a Legas? Shok biyu na gaskiya an yi shi ne don gangarowa daga kan duwatsu da gudu, kuɗinsa kuma ya ninka abin da ke aljihunka sau da yawa. Su kansu samarin Kalifoniya da suka fara wannan wasa a shekarun 1970, suna gangarowa daga tsaunin Tamalpais, tsofaffin kekuna masu faɗin taya suka hau. Stumpjumper da kamfanin Specialized ya fitar a 1981 ko shok ɗaya babu a jikinsa. Ramukan Agege Motor Road da kan kwalbati, taya mai faɗin inci biyu da shok ɗin gaba sun ishe su, sauran kuma gwiwarka ce: ka ɗan ɗaga daga sirdi idan ka hango rami.

Sai nauyi. Irin sabon nan ƙarfe ne mai kauri, yawancinsu suna kai kilo 18 ko fiye. Giant ɗin, in dai na alminiyam ne, zai tsaya wajen 13 zuwa 14. A takarda kilo huɗu ba komai ba ne. Ranar da ruwa ya cika layinku ka saɓa shi a kafaɗa, ko ka hau da shi bene don gudun ɓarayi, za ka san kilo huɗu kaya ne. Ga tsatsa: garin nan iskarsa da laima da gishirin teku, ƙarfe mai arha ba ya shekara bai fara ja ba, alminiyam kuwa bai san wannan ciwon ba.

Wurin da mutane ba sa dubawa shi ne ƙafar baya. Giya 21 na nufin haƙora uku a gaba, bakwai a baya, kuma a kan kekuna masu araha bakwai ɗin nan firiwil ne da ake murzawa a jikin ƙafa. A irin wannan ginin boris ɗin dama yana can ciki, sandar tsakiya ta fito da tsawo ba abin da ya tallafe ta, don haka nauyi da rami suke lanƙwasa ta. Sau biyu na karya tawa, na biyun a Oshodi da magariba, na tura keke har Idi-Araba ina tsine wa kaina. Idan Giant ɗin mai takwas ne ko tara a baya, kusan tabbas irin ginin da ake kira kaset ne, wanda boris ɗinsa yake can bakin sanda, ba ya wannan halin. Ka leƙa abin canza giya na baya ka karanta sunan da ke jiki. Kayan kamfanin Shimano suna hawa-hawa ne: Tourney a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore. Daga Acera zuwa sama ka samu kaya. Sabon kuwa sau da yawa abu ɗaya ne kacal na Shimano a jikinsa, don a samu abin nuna wa mai saye.

Birkin faifai ma kada ya ruɗe ka. Birkin faifai mai arha na waya yakan gogi faifan yana ƙara, kullum cikin saiti. Birkin roba mai kyau da ke kama rim ya fi shi, sai dai a cikin ruwa yakan ɗan yi jinkirin kamawa.

To ina sabon ya fi? Na ɗaya, ba wanda ya taɓa faɗuwa da shi. Na hannu bai zo da tarihinsa a rubuce ba, kuma alminiyam idan ya tsage ya gama; mai waldan bakin titi zai iya liƙa maka ƙarfe, amma wannan ba aikinsa ba ne. Ka goge jikin da tsumma, ka haska tocilan wayarka a duk inda aka yi walda, musamman wuya da ƙarƙashin sirdi da wajen feda. Ka ga layi siriri kamar gashi, ka yi sallama ka tafi ko nawa aka rage maka. Na biyu, kayan sabon kowane mai gyaran keke yana da su a akwati, tayar inci 26 ce, sarƙa da waya duk na gama-gari. Idan Giant ɗin 27.5 ne ko 29, taya sai ka nema, kuma da tsada. Idan birkinsa na mai ne, ranar da ya yi laushi ba kowa zai iya ba, kuma na Shimano man ma'adini yake sha. Wani ya ɗura masa man birkin mota, robobin ciki sun tashi aiki. Na uku, ɓarawo ma ya san Giant.

Saboda haka kada ka zuba duk kuɗinka a kan saye. Ka rage na sabuwar sarƙa, robar birki, wayoyi, da ƙwaƙƙwaran makulli. Ka ja sarƙar daga gaban babban haƙori. Idan ta ɗago har kana hango haske a ƙarƙashinta, ta miƙe, kuma wataƙila ta cinye haƙoran baya, wannan dalilin neman ragi ne. Ka kama birkin gaba ka danna kan keken, shok ya sauka ya dawo ba ƙara, ba tsatsa a sandunansa. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai sarari tsakaninka da sandar sama, don keken da ya fi ƙarfinka ba araha ba ne. Ka duba bawul: mai faci yana da bakin irin na mota ne kawai, idan siririn nan ne sai ka sayi ɗan abin ɗaurawa ka ajiye a aljihu. Kuma ka tsaya a kansa lokacin da yake ba ka iska, injinsa na tayar danfo ne, adadin da tayarka za ta ɗauka yana rubuce a gefenta.

Ka ce wani lokaci maigida yakan aike ka da kaya. Mai shok a tsakiya ba ya karɓar kariyar ɗora kaya ta kirki, tunda bayansa motsi yake. Giant ɗin ka duba kusa da sandar ƙafar baya, in ka ga ƙananan ramukan noti, kariya da madigadi za su zauna daram. In Allah ya kai mu Asabar bayan azahar ba ni da aiki, ka ce wa mai keken ya ajiye maka shi, zan zo da alanki mu duba tare.