Manhajar koyon gudu ta mako tara: minti 30 na samu, kilomita 5 kuma ina?

Na sauke manhajar nan ne don kawai ta riƙa ƙirga mini lokaci, ban sa ran wani abin kirki daga gare ta ba. Tsarin da take bi shi ne wanda aka sani da Couch to 5K, wato daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5, wanda Josh Clark ya fito da shi a 1996: mako tara, fita sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Makon farko sassarfar daƙiƙa 60 ce, sai tafiya ta daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. Ko wannan ma sai da na yi haki kamar raina zai fita.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne mako na biyar. Fita ta farko minti biyar-biyar ce sau uku, ta biyu minti takwas sau biyu. Ta uku kuwa, ina duba waya na ga an rubuta minti 20 ba tsayawa. Daga takwas zuwa ashirin! Na ce lallai wanda ya tsara wannan bai taɓa jin ƙirjinsa na zafi ba. Muryar da ke magana a kunne ta dage a kan abu ɗaya: in rage sauri har in iya yin magana ba tare da numfashi ya sarƙe ni ba. Na rage, har wani dattijo mai saurin tafiya ya kusa wuce ni, kunya ta kama ni. Amma wajen minti na goma sai numfashin ya daidaita da taku, ƙafafu suka daina nauyi. Da muryar ta ce an gama, wallahi da sauran ƙarfi a jikina. A ranar, da an ce in ba ta tauraro biyar, ba zan yi gardama ba.

To, amma bari in faɗi inda ta ɓata mini rai. A mako na shida ƙwaurina ya fara zugi, musamman da safe in na sauko daga gado. Manhajar ba ta ce uffan a kan wannan ba. Ai zuciya da huhu sun fi ƙashi da jijiyoyi saurin sabawa da gudu, shi ya sa sabon shiga yake jin zai iya ƙari alhali ƙwauri da agara ba su shirya ba. Wannan bayani ne na layi biyu, me zai hana a sa shi? Da na so maimaita makon, sai ta share mini tarihin fitar da na riga na yi. Kira kuma in ya shigo, muryar ta ɗauke ke nan, sai dai ka yi ta gudu kana jiran umarnin da ba zai zo ba.

Sai babban abin haushin. A ƙarshen mako na tara ta yi mini tafi da murna wai na gama kilomita 5. Na duba taswira, ban ma kai huɗu ba. Minti 30 ta auna, ba nisa ba. Kafin mutum ya ci kilomita 5 a minti 30 sai yana cin kowace kilomita a minti shida, kuma ita da kanta ta hana ni wannan saurin tun farko.

Tauraro uku na ba ta. Har yanzu tana wayata, don na koma mako na bakwai ina bi a hankali saboda ƙwaurin, amma nisa da wata manhajar daban nake aunawa.