Tayoyin da na sa wa Hilux ɗina mai jan tirela, bayan wata 8

Albasa nake ɗaukowa daga Galmi zuwa Tawa, wani lokaci har Yamai, da Hilux da ƙaramar tirela a bayanta. Da tayoyin da motar ta zo da su, 265/65 R17, suka suɗe, sai na biye wa kwalliya na sa manya, 285/70 R17. Motar ta yi kyau, ba musu. Amma ranar farko da na haɗa mata tirela cike da buhuna na gane na yi kuskure. Tashi daga tsaye sai da lallashi, hawan da na saba yi da giya ta 4 sai na koma ta 3, gazuwal kuma tana tafiya kamar an huda tanki. In babbar mota ta gifta ni a hanyar Ƙonni, bayan motar ya dinga rawa, tirelar tana amsa masa.

Wani dattijon bakanike da ya san ni tun ina yaron mota ne ya zaunar da ni. Ya ce, "Ɗana, ka ƙara wa taya tsawo, ka rage wa mota ƙarfin ja." Ya auna mini: tsohuwar tana da tsawon kusan santimita 78, sabuwar 83. Wannan bambancin kusan kashi 7 cikin 100 ne, kuma daga ƙarfin da ke isa ƙasa ake cire shi. Har allurar gudu ƙarya take yi, tana nuna 80 alhali ina kan 85.

Na koma girman asali, ban canja ƙarfen taya ba, sai dai na zaɓi masu alamar LT a gaba da lambar kaya 120. Na farko 112 ne, wato kilo 1,120 kowace taya; 120 kuwa kilo 1,400. Nan sirrin yake. Gefen tayar yana da kauri, in ka danna da babban yatsa ba ya lotsawa, kuma rawar nan ta baya ta ɗauke. A zafin watan Afrilu, lokacin da kwalta ke ƙona tafin ƙafa, na yi Tawa zuwa Yamai da kaya, na tsaya Dogon Dutsi na dafa su da hannu, ɗuminsu bai tayar mini da hankali ba.

Aibinsu? Tsada, sannan in babu kaya motar tana dukan ƙugu a kan gargada, don haka nakan rage iska in zan tafi wayam. Iskar da sassafe nake aunawa, kafin taya ta yi zafi. Kuma duk mai saye ya duba lambobi 4 na ƙarshe bayan DOT: mako da shekarar da aka yi tayar ke nan, gara ka gani da idonka kafin ka miƙa kuɗi.