Xasthur ko Shining, a kunnen ɗan Legas

'Yan samarinmu na Agege masu sauraron kiɗan black metal na ƙuncin rai, wato wani salon kiɗan Turawa mai rugugin jita da kururuwa, sun rabu gida biyu: masu son Xasthur da masu son Shining. Xasthur aikin mutum ɗaya ne, Scott Conner na Kalifoniya: sauti dusashe da gangan, jita kamar hazon hunturu, kururuwa binne can ƙasa. Ya rufe wannan babin a 2010, daga baya ya dawo da jita marar lantarki. Shining kuwa, ƙungiyar makaɗa ta garin Halmstad a Suwidin da aka kafa a 1996, ta yi ta goge sautinta, ta shigo da fiyano da murya mai taushi.

A danfo kuwa, wato motar bas ta haya a Legas, hon da ihun kwandasta suna haɗiye Xasthur ɗungurungum. Shining ce ke jure hayaniyar, kodayake ni gogewar tata ta ɗan yi mini yawa.