Zauren Shawarar Shari'a na Ɗalibai a Kamba: Abin da Na Samu da Abin da Ya Rage

Duk wanda ya tashi a Kamba ta Jihar Kebbi ya san cewa iyakar da ta raba mu da Gaya ta Jamhuriyar Nijar ba ta raba aure ba, ba ta raba kasuwa ba, amma takan raba mutum da haƙƙinsa ranar da aka ce ya kawo takarda. Wannan ne ya sa da na ji cewa ɗaliban sashen shari'a na wata jami'a za su zauna kwana biyu a garinmu domin ba da shawara kyauta a kan zama ɗan ƙasa, takardun shige da fice da kuma tsare mutane, na ɗauki ɗan ƙanwata muka je. An haife shi a Gaya, mahaifinsa Bazabarme ne na Jamhuriyar Nijar, mahaifiyarsa kuwa uwa ɗaya uba ɗaya muke. A Kamba ya yi firamare da sakandare, amma da ya je wani ofishi neman takardar shaidar asali domin cike gurbin karatu, sai aka ce masa ya tafi garin ubansa ya nema.

An shirya zaman ne a cikin ajin wata makaranta, ɗalibai biyu a kowane tebur, ɗaya yana tambaya ɗaya yana rubutu, malaminsu kuma, wanda lauya ne, yana zagayawa yana duba abin da suka rubuta kafin su furta wa mutum wata shawara. Ba a karɓi ko kwabo ba, kuma tun a bakin ƙofa aka sanar da mu cewa abin da muka faɗa ba zai fita daga ɗakin ba. Wannan sanarwa tana da muhimmanci a nan fiye da yadda baƙo zai zata, domin na ga mutane da yawa sun tsaya daga nesa suna leƙe, suna tsoron kada a ce rajistar baƙi ake yi.

Ɗalibar da ta saurare mu ba ta yi gaggawa ba. Ta tambayi inda aka haifi yaron, inda aka haifi mahaifiyarsa, da garin kakanninsa na wajen uwa, sannan ta buɗe kundin tsarin mulkin 1999 ta karanta mana sashe na 25, ta fassara shi da Hausa jimla bayan jimla. Abin da sashen ya ƙunsa shi ne, wanda aka haifa a wajen Najeriya ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, kuma dokar ba ta ce sai uba ba. Ta ƙara da sashe na 318, wanda ya bayyana cewa mutum ɗan wata jiha ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar, da kuma sashe na 42 da ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, garin asalinsa ko yanayin haihuwarsa. Yaron ya juyo ya ce mini, "Kawu, ashe ba alfarma muke nema ba." Shekaruna sun haura hamsin, ina koyarwa a makaranta, amma ni ma ranar na fara jin waɗannan sassa a harshen da na sha a nono.

Abin da ya ƙara mini yarda da su shi ne ba su ɓoye mana cewa abin da ke rubuce daban, abin da ake yi a ofisoshi daban. Malamin ya ce al'adar bin dangin uba ta yi ƙarfi ƙwarai wajen ba da shaidar asali, saboda haka gardama da ma'aikaci a bakin tebur ba za ta fisshe mu ba. Maimakon haka suka rubuta mana takardar koke a nan take, suka ambaci sassan, suka ce mu haɗa da shaidar haihuwar mahaifiyar da wasiƙar mai unguwa da ta hakimi, mu ajiye kwafi, kuma mu tabbatar an buga mana hatimin karɓa. Ya kuma tuna mana da labarin Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Jihar Borno, wanda aka kora zuwa Chadi a 1980 bisa zargin cewa ba ɗan Najeriya ba ne, kotu kuma ta yanke cewa korar ta saɓa wa doka. Idan har an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga ɗan mai sayar da albasa.

Da muka kawo maganar mahaifin yaron, wanda ya daɗe yana kasuwanci a Kamba, amsar ba ta yi daɗi ba, amma gaskiya ce. Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba namijin da ya auri 'yar Najeriya irin wannan dama ba. Shi sai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15 da wasu sharuɗɗa. Sun kuma bayyana cewa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, kuma duk da Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da mutunta takardun 'yan waɗannan ƙasashe da walwalarsu har sai an yanke wata shawara. Suka ce wannan rangwame ne da ke iya canzawa, don haka ya je hukumar shige da fice ya daidaita takardar zamansa tun ana zaman lafiya. Mu da muka ga rufe iyaka a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan haka.

Sai dai aikin yana da giɓi, kuma babba. Babu ɗalibi ko ɗaya da ke jin Zabarmanci ko Dandanci ko Fulatanci, a garin da waɗannan harsuna suke cika kasuwa. Na ga wani dattijo Bafulatani da aka tsare ɗansa yana ƙoƙarin bayani da Hausar da ba ta ishe shi ba, har sai da aka kira wani ɗan acaɓa daga waje ya yi tafinta, wanda hakan ya rushe alƙawarin sirri da aka yi a ƙofa. An dai gaya masa cewa beli a wajen 'yan sanda kyauta ne, kuma sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, amma ban tabbata ya tafi da rabin bayanin ba. Haka nan ba a ware wa mata wuri ba, alhali matsalar 'ya'yan auren tsallaken iyaka a kansu take fi sauka. Ƙanwata da kanta ta ƙi zuwa saboda wannan.

Ya kamata kuma mai niyyar zuwa ya sani cewa ɗalibi ba ya tsayawa a gaban alƙali, domin doka ta keɓe wannan ga wanda aka rantsar a matsayin lauya. Wanda maganarsa ta kai kotu, abin da za su yi masa shi ne su rubuta bayaninsa su tura shi ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya a Birnin Kebbi, kuɗin mota kuma daga aljihunsa. Ga mai neman fahimtar matsayinsa da samun takarda rubutacciya mai hujja, ina ba da shawarar ya je, ya tafi da duk takardun gidansu, da kuma wanda ya amince da shi idan Hausarsa ba ta da ƙarfi.

Mun kai takardar koken mako guda bayan tafiyarsu, an karɓa, an buga hatimi, kuma wannan karon ba a ce mana mu tafi Gaya ba. Lambar wayar da suka bar mana kuwa na kira sau uku kafin a ɗauka, wanda ya ɗauka ya ce suna jarrabawa, sai bayan hutu za a duba fayil ɗinmu.