Gargaɗi ga masu sayen kwamfuta daga Yamai ta WhatsApp: jika 255 ya karɓe mini

Ina rubuta wannan raina a ɓace, da kunya kuma, domin shekara 11 ke nan ina cin abinci da kwamfuta a nan Tawa, ina riƙe wa ƴan kasuwar albasa lissafinsu, amma wani yaro a Yamai ya karɓe mini jika 255, wato sefa 255,000, ya aiko mini da tarkacen da ba zai yi aikin da na saye shi dominsa ba. Jika 255 ne, kuɗin da na yi wata bakwai ina tarawa.

Abin da nake nema kwamfutar tebur ce mai ɗaukar allo biyu, don in buɗe manhajar lissafi ta Excel a ɗaya, hotunan takardun awo da dillalai ke turo mini daga Galmi kuma a ɗaya, in daina rufe wannan ina buɗe wancan har lamba ta kuɓuce mini. Na san abin da ya kamata in tambaya, kuma na tambaya. Na ce ina son furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, Core i5-8500, da RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, giga 16, da SSD, wato faifan ajiya mai sauri, da allo biyu masu inci 24 masu kaifin hoto 1920 x 1080. Na nanata masa cewa dole bayan injin ya kasance da kafa biyu ta fitar da hoto, HDMI ko DisplayPort, domin kowane allo sai da kafarsa. Saboda haka masu cewa na yi sakaci su saurara da kyau.

Ya kira ni ta bidiyo. Wannan kiran shi ne yake hana ni barci. Ya juya injin ya haska mini bayansa, na ga DisplayPort biyu da idona, sannan ya kama linzamin kwamfutar ya jawo taga daga allon dama ya kai ta na hagu, ya sake dawo da ita, har sau uku. Ana cikin haka aka kira la'asar, sai ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri in ba da farali, zan sake kiranka." Ya kuwa sake kira. Da ya ji harshena sai ya ce mahaifiyarsa mutuniyar Buza ce, ya ce, "Yaya, ni ɗan Adar ne, ka ɗauke ni ƙanenka, in na cuce ka ina zan sa kaina?" Kullum sai na sake jin wannan magana a kunnena, ina zan sa kaina. Mutum ya katse ciniki don salla, ya nuna maka kaya suna aiki, ya ce jininku ɗaya, wane ne a cikinku ba zai yarda ba?

Na tura jika 150 a ranar. A'a, washegari ne, domin ranar an riga an rufe wurin aika kuɗi. Jika 90 kuma na tura bayan ya turo hoton kwali a tashar mota da sunana a rubuce. Kafin wannan ma ya sake kirana a kan cewa farashin allo ya tashi, na ƙi, ya ce ya bari don zumunci, kuma wannan sassaucin ya ƙara kwantar mini da hankali. Jika 150 da jika 90, jika 240 ke nan.

Kwalin ya biyo ta Doso da Dogonduci da Ƙonni ya iso, na ɗauko a kabu-kabu ina murna. Da na buɗe, injin da ke ciki ba wanda na gani a bidiyo ba ne. An manna masa tambarin Core i5 a gaba, gefen tambarin har ya fara ɗagawa, amma a baya kafar VGA ce guda ɗaya tak, shuɗiyar nan mai ramuka 15. Na kunna, na danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc don in duba abin da ke cikin injin, sai na ga Core 2 Duo E8400, furosesan da ya fito tun 2008, alhali wanda na biya na 2018 ne. RAM giga 4, kuma tsohon faifai ne mai ƙara a maimakon SSD. Allo ɗaya inci 19 ne mai 1366 x 768, ɗayan kuma yana da jan layi daga sama har ƙasa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jika 15 na ƙarshe. Da na kira shi ya rantse cewa yaronsa ne ya musanya kwali, ya ce kafin ya aiko da na gaskiya in tura jika 15 ya sa mini wani kebul mai baki biyu da zai ba ni allo biyu nan take, don kada aikina ya tsaya. Na san irin wannan kebul hoto ɗaya yake rabawa, allon biyu su nuna abu guda, kuma ko ka danna maɓallan Windows da P ka zaɓi faɗaɗa hoto zuwa allo na biyu, injin allo ɗaya yake gani. Na sani, amma ina tsoron in na ƙi zai ɓace da jika 240 ɗina, shi ya sa na tura. Kebul ɗin ya zo, ya yi abin da na san zai yi. Tun ranar ya toshe lambata. Jika 240 da jika 15, jika 255.

Kada ku tura ko dala sai wani naku a Yamai ya je ya ƙirga kafofin bayan injin, ya duba furosesa, ya ga an rufe kwalin a gabansa.

Gobe da safe zan kai ƙara wurin ƴan sanda. Ina da rasit uku na aika kuɗi, da saƙonnin muryarsa, da hoton bayan injin da na ɗauka lokacin kiran bidiyo, kuma zan ɗora su gefe da gefe da hoton wanda ya iso, ku ga DisplayPort biyu a can da VGA ɗaya a nan da idonku.