Baka mai kunama ko bakan tsaye: wanne ya fi dacewa da dajin Epe?

Wani ɗan'uwa daga Agege ya yi tambaya: yana so ya riƙa fita farautar gyazbi da gada a ƙarshen mako, wajen Epe ko Ikorodu a jihar Legas, ba ya son bindiga, to baka mai kunama zai saya, wanda ake kira kurosbo, mai kwance da ake riƙewa kamar bindiga, ko bakan tsaye, wanda ake ja da hannu a saki?

Malam, abin da ya raba su ba ƙarfi ba ne, lokacin jan tsirkiya ne. Mai kunama tun kafin dabba ta zo ka ɗana shi, ka ɗora kibiya, ka zauna kwanton ɓauna. Da ta fito sai saiti da danna kunama. Bakan tsaye kuwa sai dabba na gabanka za ka ɗaga ka ja, gada kuma ba ta yafe motsi. Maharbi da yawa a nan suke rasa nama.

Kada lambobin kwali su ruɗe ka. Mai kunama na farauta nauyin jansa yakan kai kilo 70 zuwa 90, bakan tsaye mai 'yan tayoyi a ƙarshen rassansa kilo 23 zuwa 32, marar tayoyi kilo 18 zuwa 25. Amma tsirkiyar mai kunama gajeriyar tafiya take yi, kibiyarsa ma inci 20 ce ko 22, ta bakan tsaye kusan 29. Shi ya sa a aikace duka biyun na mita 20 zuwa 35 ne, kuma a kurmin Epe da wuya ka hangi dabba nesa da haka.

Wajen koyo tazarar babba ce. Mai kunama da madubin saiti, cikin 'yan kwanaki za ka riƙa tara kibiyoyi wuri ɗaya a mita 20. Bakan tsaye yana son watanni, da harbi sau uku ko huɗu a mako, da tsawon ja daidai da hannunka. Wanda yake kasuwar Mile 12 daga asuba har magariba, ina zai sami wannan lokacin, balle filin da kibiya ba za ta faɗa gidan maƙwabci ba?

Inda bakan tsaye ya yi fice: ba shi da nauyi, kilo 2 ko ƙasa, alhali ɗayan yana kai 3 zuwa 4, ga faɗi da ke sarƙewa cikin ciyayi in ana sanɗa. Ƙararsa kaɗan ce, harbi na biyu kuma nan take. Mai kunama in ka kuskure, sai ka kafa shi ƙasa, ka sa ƙafa a marikinsa, ka ja da igiyar ɗanawa. Kafin nan gyazbi ya shige rake. Igiyar nan dole ce: tana rage nauyin ja da rabi, tana kuma zaunar da tsirkiya a tsakiya. Ja da hannu tsura yana karkatar da ita, kibiya ta riƙa zamewa hagu ko dama.

Abubuwan da ke ɓaci sanannu ne. Harbi ba kibiya yana fasa reshen baka, kowane iri ne. A mai kunama, yatsan da ya leƙo saman titin kibiya tsirkiya za ta yanke shi. Danshin Legas da iskar gishiri suna sa kusoshi da kunama tsatsa, don haka a goge, a shafa mai, a murza wa tsirkiya kaki, kuma kada a bar mai kunama ɗane ya kwana. Baka mai tayoyi galibi sai da injin matsewa ake canza masa tsirkiya. Marar tayoyi da igiya kaɗai za ka canza a gida.

Saboda wannan, ga mai sana'a a Legas da zai yi kwanto, mai kunama marar tayoyi muka fi ba da shawara, irin na kamfanin Excalibur, da tsirkiya ta ajiya. Mai lokacin atisaye da son sanɗa ya ɗauki bakan tsaye da ake kwance rassansa, ya fara atisaye da mai nauyin ja kilo 12 zuwa 14. Kafin oda, a tambayi kwastan da 'yan sanda, a kuma nemi izinin maharban garin. Gandun kare namun daji na Lekki ba a farauta a cikinsa.

Ko wanne ka zaɓa, sa kan kibiya mai kaifi, ka yi bisimilla lokacin saki. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, abin da tsini ya huda ana ci, wanda gefen makami ya buge ya mutu mushe ne. In ka tarar da ita da rai, ka yanka.